ABIN DA NA KOYA GAME DA WATSA BIDIYO TA WAYA

Ranar Laraba, 7 ga watan Fabrairu, 2024, da dare, muna zaune mu huɗu a kan benci a ƙofar gidanmu a Kakuri, mun haɗa kawuna bisa wayar abokina muna kallon wasan Nijeriya da Afirka ta Kudu, wanda aka yi a birnin Buwake na ƙasar Kwaddibuwa. An tashi ɗaya da ɗaya, aka shiga bugun daga kai sai mai tsaron gida. Golanmu Stanley Nwabali ya riga ya tare biyu, saura Kelechi Iheanacho ya buga, in ya ci an gama. A wayarmu yana cikin ajiye ƙwallo ke nan, bai ko ja da baya ba, sai muka ji gidan kallon da ke bayan layinmu ya ɓarke da ihu, yara suka fito a guje suna kaɗa gwangwani. Muka dubi juna. Sai da aka yi kusan rabin minti sa'an nan muka ga ƙwallo ta shiga raga. Mun yi murna dai, amma murnar ta riga ta huce, kamar tuwon da ya kwana.

Washegari na tari Malaminmu na kwamfuta a bakin ofishin malamai, na ce, "Malam, wasa ɗaya, lokaci ɗaya, yaya aka yi na gidan kallo suka riga mu gani? Ko don mun fi su nisa da Buwake da taku hamsin ne?" Ya yi dariya, ya ce haske yana tafiyar wajen kilomita 200,000 a daƙiƙa guda cikin igiyar gilashin da ke ɗauke da intanet, saboda haka nisa bai isa ya ci rabin minti ba. Ya ce su ma na gidan kallo, hotonsu sai ya hau tauraron ɗan'adam da ke sama da nisan kilomita 35,786 ya sauko, amma wannan hawa da sauka wajen rubu'in daƙiƙa kaɗai yake ci. Ya ce in zo ran Alhamis bayan an tashi, da littafin rubutu. Abin da na koya daga wannan rana zuwa yau shi nake so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai, har da inda na sha kunya, domin a can ne na fi koyo.

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, babu wani abu mai motsi a cikin bidiyo. Hotuna ne tsayayyu ake jerowa da sauri, ido ya ruɗu ya ɗauka motsi ne. A telebijin irin namu hoto 25 ake nunawa a kowace daƙiƙa. Kowane hoto kuma ɗige-ɗige ne ƙanana, kamar tabarmar da aka saƙa da launi iri iri. Hoton da ake kira 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance, 1,080 a tsaye, watau ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo yana bukatar bait uku don a faɗi launinsa. Malam ya sa na yi lissafin da hannu a allo, na sami megabait shida da 'yan kai a hoto guda, wajen megabait 155 a daƙiƙa, wasan minti 90 kuwa kusan gigabait 840. Na ajiye alli na ce lalle na yi kuskure, don giga biyun da muka haɗa kuɗi muka saya ya ishe mu wasan nan har da ƙarin lokaci.

Ashe ban yi kuskure ba. Dabarar ita ce matsewa. Idan mai karanta labarai yana zaune, bangon da ke bayansa ba ya canjawa, to, me zai sa a aiko da bangon sau 25 a daƙiƙa? Sai a aiko da cikakken hoto guda, a bi shi da 'yan saƙonni masu cewa bakinsa ya motsa kaza, hannunsa ya matsa kaza, sauran kuwa yana nan yadda yake. Bayan 'yan daƙiƙu a sake aiko da cikakke. Ƙa'idar matsewar da ta fi yaɗuwa sunanta H.264, an fito da ita a 2003, daga baya aka yi H.265 a 2013 da AV1 a 2018, waɗanda suka fi ta iya matsi. Da irin wannan ne gigabait 840 ke komawa uku ko huɗu. Amma a lura da wani abu da ni ban lura da shi ba a lokacin: ƙwallon ƙafa ba mai karanta labarai ba ne. Kyamara tana bin ƙwallo hagu da dama, kowane ɗigo yana canja wuri, ga ƙura, ga 'yan kallo suna tsalle. Irin wannan hoto ba ya matsuwa da sauƙi.

Na ji wannan bayani sau biyu ko uku, sai na ga ai na gama sani. Lokacin kuwa gasar ƙwallo ta gidajen makaranta ta zo ƙarshe, ƙanena kuma shi ne golan gidanmu. Yayanmu da ke aiki a Fatakwal, wanda shi ke biya mana kuɗin makaranta, bai taɓa ganinsa a raga ba. Sai ni da abokaina biyu muka je muka ce wa Malam za mu watsa wasan ƙarshe kai tsaye a YouTube. Shugaban makaranta ya yarda bayan an nemi izinin iyayen 'yan wasa. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta aiko da kuɗin data, aka kuma baza sanarwa ga waɗanda ke Legas da Abuja da Kano, har da na ƙasashen waje. Muka ari kwamfutar ofis, muka sa mata manhajar kyauta mai suna OBS, waya ɗaya ta zama kyamara, ɗaya ta ba da intanet. Ana jibi wasa muka je fili da la'asar muka gwada, ba kowa sai awaki. Hoto ya fita tas. Na zaɓi 1080, don a ganina babba ya fi ƙarami. Malam ya ce, "Ka tabbata?" Na ce, "Na tabbata, Malam." Bai ƙara cewa kome ba.

Ran wasa fili ya cika maƙil. Ba a yi minti goma ba wayata ta fara ruri. Wannan ya ce hoto ya tsaya, wancan ya ce zoben nan mai juyawa kaɗai yake gani, wani tsohon ɗalibi ya rubuto cewa ko kuɗin data mun ci tsire da su ne. Ƙanena ya tare wata ƙwallo da har yau ake labarinta a makaranta, Yaya bai gani ba. Ya ɗauki hutun rabin yini a wurin aiki saboda wannan wasa. Da dare ya bugo, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Ƙane, ba kome, Allah ya kai mu wata shekara." Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ce wa Malam laifin kamfanin waya ne. Abokina ya ce kwamfutar ce ta tsufa. Na ukunmu ya ce wayoyin masu kallo ne ba su da kyau. Malam ya saurare mu duka, sa'an nan ya tambaye mu hoto nawa ne ya zube a hanya, kuma a minti na nawa aka fara tsayawa. Ba wanda ya sani. Ya ce to kowannenmu hasashe yake yi, alhali kuwa injin da ke gabanmu yana ta ƙidayar abin tun daga farkon wasa har ƙarshe, ba wanda ya dube shi. Daga nan ne karatun gaske ya fara.

Sai da ya fara fahimtar da mu bambancin telebijin da intanet. Babanmu yakan ba da labarin zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, a taru gidan mai akwatin telebijin guda a unguwa ana kallon hoto baƙi da fari. Gidan telebijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, shekara uku bayan na Ibadan, kafin a haɗa su duka a ƙarƙashin NTA a 1977. Irin wannan watsawa kamar ruwan sama take. Ko mutum goma suka tara kwano, ko dubu goma, ruwan ba zai ragu ba. Intanet kuwa kamar mai ga-ruwa ne da kurarsa, kowane gida sai an kai masa nasa daban. In masu bukata suka yi yawa a layi guda, dole wani ya jira.

Wannan misali na mai ga-ruwa shi ya buɗe mini kai, don haka zan ɗan daɗe a kansa. Ba a turo bidiyo a dunƙule. Yanka shi ake yi gunduwa gunduwa, kowace gunduwa ta daƙiƙa biyu zuwa goma, mu ce kowace jarka ce. Manhajar kallo da ke cikin wayarka tana da randa. Tana karɓar jarka ta juye a randa, kai kuma kana ɗiba da moɗa, watau kana kallo. Muddin jarkoki na isowa da sauri fiye da yadda kake ɗiba, ba za ka san ana wani aiki ba. In mai kura ya makara, kana ci gaba da sha daga abin da ke randa. Sai randa ta ƙafe ƙaf sa'an nan hoto ya tsaya, zoben nan ya fito yana juyawa. Ma'anar zoben ke nan, ba wani abu ba: randa ta ƙafe.

A nan kuma na sami amsar tambayata ta farko. Kafin manhaja ta fara nuna maka wasa, takan jira jarka kamar uku su shiga randa tukuna. In kowace ta daƙiƙa shida ce, ka ga an bar ka a baya da daƙiƙa 18 ke nan tun ba a je ko'ina ba, ban da lokacin matsewa da na yankawa. Rabin mintin da gidan kallo ya riga mu, a cikin randarmu yake zaune. Ana iya rage shi, YouTube ma ya ba mai watsawa zaɓi uku na jinkiri, amma duk wanda ya ƙaramta randa ya sani ƙaramar randa ta fi saurin ƙafewa. Ko dai ka ga ci da wuri hoto yana tsinkewa, ko ka gan shi a makare lafiya lau. Ni a ganina, ga irin sabis ɗinmu na nan, babbar randa ta fi.

Akwai wata hikimar kuma. Kamfanin da ke riƙe da bidiyo yakan shirya kowace gunduwa kashi kashi: ta 1080, ta 720, ta 480, ta 360, har ƙasa da haka. Manhaja tana auna yadda jarkar baya ta daɗe a hanya, tana kuma duban zurfin ruwan randa. In ta ga hanya ta cushe sai ta ce a kawo ƙaramar jarka, hoto ya yi dishi-dishi amma bai tsaya ba. In hanya ta buɗe ta koma babba. Kamfanin Apple ya fito da tsarinsa na yin haka, mai suna HLS, a 2009, aka kuma amince da wani na duniya mai suna DASH a 2012. Ga lissafin da zai amfani aljihun ɗalibi. YouTube ya ce 1080 tana son megabit 5 a daƙiƙa, 720 tana son 2.5, 480 kuwa 1.1. Bit takwas ne bait ɗaya, minti 90 kuma daƙiƙa 5,400 ne. Kowa ya gwada da kansa, zai sami wajen giga 3.4 a ta farko, 1.7 a ta biyu, ta uku kuwa ba ta kai kashi uku cikin huɗu na giga ba. A ƙaramin gilashin waya, da ƙyar ido ke rarrabe 720 da 1080, amma kuɗin ya ninka.

Jarkokin nan ba daga Amurka suke tasowa kowane lokaci ba. Manyan kamfanoni sukan ajiye kwafi a rumbunan kwamfuta kusa da masu kallo, da yawa a Legas, don a rage tafiya. Abin da ba ya rumbun kusa sai ya bi igiyoyin ƙarƙashin teku, irin su MainOne da Glo-1 da suka fara aiki a 2010, da Equiano da ta iso Legas a 2022. Mun ga muhimmancinsu ranar 14 ga Maris, 2024, sa'ad da igiyoyi huɗu suka lalace a teku ta wajen Kwaddibuwa, intanet ta yi rauni a ƙasashen Afirka ta Yamma, har aikin banki ya yi wuya. Na so ƙwarai in jingina faɗuwarmu ga wannan, sai dai wasanmu ya riga shi da mako biyu.

Yanzu sai maganar ƙidaya. Kowace manhajar kallo tana rubuta abin da ke faruwa da ita: daƙiƙa nawa aka yi kafin hoto ya fito, sau nawa randa ta ƙafe, tsawon wane lokaci, wace jarka aka fi karɓa, a minti na nawa mai kallo ya gaji ya fita. Tana aika wa kamfani wannan, su tara na miliyoyin mutane su nazarta. A 2012 wasu masana biyu, Krishnan da Sitaraman, sun duba kallo miliyan 23 daga bayanan kamfanin Akamai, suka gano cewa mutane kan fara ficewa in bidiyo ya wuce daƙiƙa biyu bai tashi ba, kuma kowace daƙiƙa da ta ƙaru tana ƙara masu ficewa da kashi 5.8 cikin ɗari. Da na karanta wa Babanmu wannan sai ya ce su a zamaninsu minti guda suke jira akwati ya yi zafi kafin hoto ya fito, ba wanda ya tashi. Kowa yana iya leƙa irin wannan ƙidaya a wayarsa. A cikin saitin YouTube akwai wurin da aka rubuta "Stats for nerds", in ka kunna shi za ka ga saurin hanyarka da zurfin randarka a daƙiƙu, yana hawa yana sauka. Na yi mako guda ina kallon wannan layi fiye da bidiyon kansa.

Malam ya sa muka koma kan gawar wasanmu. Muka buga wa mutum tara daga cikin waɗanda suka kalla, muka bi saƙonnin ƙorafin da suka turo, tun da kowane saƙo yana ɗauke da lokacinsa. Muka ja layi tara a takardar giraf, muka sa alama a duk mintin da mutum ya ce hoto ya tsaya. Da muka gama sai ga alamomin sun jeru a tsaye kamar sojoji. Na Fatakwal da na Kano da na Ingila duk a minti ɗaya suka tsaya. Mutanen nan ba layin waya ɗaya suke amfani da shi ba, ba gari ɗaya suke ba. In da laifin wayoyinsu ne, da kowa ya tsaya a nasa lokacin daban. Tun da tare suka tsaya, to, rijiyar ce ta ƙafe, watau mu. Wannan ita ce dabara mafi amfani da na koya, kuma ba ta bukatar kome sai takarda da agogo.

Saura mu san ko kwamfuta ce ko hanya. Manhajar OBS tana ƙidaya hotunan da suka ɓace gida uku: waɗanda kwamfuta ta kasa zanawa, waɗanda ta kasa matsewa a kan lokaci, da waɗanda hanya ta zubar. Tana kuma ajiye wannan a rubuce. Muka buɗe, sai muka ga na kwamfuta kaɗan ne, tsohuwa ta yi aikinta, kusan duk asarar a hanya take. Dalili kuwa biyu ne. Na ɗaya, hanyar turawa daga waya ta fi hanyar saukewa ƙunci, mu kuwa saurin saukewa muka duba ran gwaji muka yi ta murna. Na biyu, ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da makaranta rabawa yake yi tsakanin duk wayoyin da ke ƙarƙashinsa. Ran gwaji mu da awaki ne. Ran wasa ɗaruruwan mutane ne, kowa yana ɗaukar hoto yana turawa. Ni kuwa na ɗaure injin a kan megabit shida, ba hawa ba sauka, ta ƙofar da a ranar ba ta ɗaukar biyu. Kamfanin waya bai yi mini alkawarin kome ba. Ni ne na cika jarka fiye da ƙarfin mai kura.

Wani abin da ya kusa ruɗe mu shi ne matsakaicin lissafi. A wani gwaji da muka yi daga baya, mutum takwas ba su tsaya ba sai na 'yan daƙiƙu, guda ɗaya kuwa da ke cikin mota a hanyar Abuja ya yi minti tara a tsaye. In ka haɗa ka raba tara, sai ka ce kowa ya yi minti guda yana kallon zobe, alhali ba wanda ya yi haka. Malam ya ce mu jera lambobin daga ƙarami zuwa babba mu ɗauki na tsakiya, sa'an nan mu dubi na can ƙarshe shi kaɗai mu tambayi dalilinsa. Ashe darasin da muke hamma a kansa a ajin lissafi ke nan.

Da shekara ta zagayo, gidanmu ya sake kai wa wasan ƙarshe. Wannan karon ba mu fafe gora ranar tafiya ba. Mun yi gwaji a ranakun da fili ke cike, lokacin wasannin share fage, muka auna saurin turawa a kusurwa huɗu ta fili da layuka biyu, muka rubuta. Muka ɗauki lamba mafi ƙanƙanta da muka gani, muka tsaya a rabinta. Hoton ya koma 480. Abokina ya ce abin kunya ne, na ce na riga na ɗanɗani wadda ta fi ta. Muka kafa kyamara a kan tebur bisa barandar ɗakin gwaje-gwaje, muka hana mai riƙe da ita yawan waige-waige. Muka sami lema, domin mun lura waya in ta sha rana takan yi zafi ta rage ƙarfin aikinta da kanta. Muka kuma ɗauko wani yaro ɗan aji uku mai zaƙin baki ya yi sharhi da Hausa, saboda murya ba ta cin ko kashi ɗaya cikin goma na abin da hoto mai kyau ke ci, kuma zanen da YouTube ke nuna wa mai watsawa ya nuna mana cewa a wasannin gwaji, da an tafi hutun rabin lokaci an yi shiru sai masu kallo su watse, rabinsu ba sa dawowa.

Aikina ran nan ban da kallon ƙwallo. Idona na kan lambar hotunan da suka zube, ina rubuta ta duk minti biyar. Sau biyu alamar ta yi ja, gabana ya faɗi, ta koma kore. Ana saura kaɗan a tashi aka buga wa ƙanena wata ƙwallo ta sama ya doke ta waje, fili ya ɗauki ihu, ihu ya lafa, har an ajiye ƙwallo za a yi kwana. Sai wayata ta yi ƙara. Yaya ne, yana ihu shi kaɗai a ɗakinsa a Fatakwal, "Ka gani? Ka ga yaron nan?" Na ce na gani, Yaya, tun ɗazu.

An ci mu ɗaya da nema duk da haka, kuma a nan ne bidiyon ya yi wani amfanin da ba mu yi zato ba. Malamin wasanni ya ce mu zauna mu ƙidaya masa abin da kowane ɗan wasa ya yi. Manyan ƙungiyoyi da injuna suke yin wannan. A gasar cin kofin duniya ta 2022 a Katar, kyamara 12 ke bin wurare 29 a jikin kowane ɗan wasa sau 50 a daƙiƙa, ƙwallon kanta kuma tana da na'ura a ciki mai aika bayani sau 500 a daƙiƙa. Mu namu fensir ne da maɓallin tsayarwa. Kowa ya ɗauki 'yan wasa uku, in ɗan wasa ya ba ɗan'uwansa ƙwallo ta isa a sa masa sanda, in ta faɗa ƙafar abokin hamayya a sa masa sifiri. Ya ɗauke mu yamma uku. Abin da ya fito bai yi wa gidanmu daɗi ba. Ƙanena, gwarzon fili, kusan duk ƙwallon da ya daka sama daga raga ga abokan hamayya take sauka, cin da aka yi mana ma daga irin wannan ya taso. Waɗanda ya mirgina wa na baya da hannu kuwa ba wadda ta ɓace. Ya yi gardama, aka mayar masa da hoton sau uku, ya yi kwana biyu ba ya yi mini magana.

Amma kada a ɗauka takardar nan ta san kome. Akwai wani ɗan baya da ya fito da sanda huɗu kacal, har muka fara yi masa dariya. Malamin wasanni ya ce mu sake kallo mu nemi ɗan gaban da aka ba shi ya tsare. Muka nema muka rasa, bai taɓa ƙwallon kirki ba duk wasan. Kyamararmu ƙwallo take bi, shi kuwa aikinsa a inda ƙwallo ba ta zuwa yake. Har ila yau Malam ya ja mana kunne cewa takardun nan sunayen mutane ne a kai, kada mu baza su a waya don a yi wa wani ba'a, ya kuma tuna mana cewa tun watan Yuni na 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Saboda haka littafin yana ofishinsa a kulle, sai ɗan wasa ya zo ya ga nasa.

Mu ukun da muka fara wannan aiki mun kusa fita, ba mu kuma so ya mutu a hannunmu. Duk ɗalibi ko ɗaliba da ke sha'awa, musamman 'yan aji uku da huɗu, yana iya samunmu a ɗakin kwamfuta ran Alhamis bayan an tashi. Ba sai mai waya ba. A zo da littafin rubutu mai layi, da fensir, da agogo in akwai. Muna kuma neman mai lema babba, don tamu iska ta karya ta.